Lasifikar Mai Girma da Huhun Kawu

Jiya, jama'a, na gano cewa a asibitinmu lasifika ta fi huhu daraja.

Kawuna mai injin niƙa ne. Ƙurar garin da ya daɗe yana shaƙa ce ta kumbura masa huhu. Likita ta duba hoton ƙirjinsa, ta maƙala masa ɗan abin awo a yatsa, ta ce iskar da ke jininsa ta yi ƙasa ƙwarai. Aka yi masa allurar rage kumburi, aka sa masa robar na'urar oksijin a hanci. Muka ɗan samu sa'ida.

Ashe a ranar ne Mai Girma, Uban Marasa Lafiya, zai buɗe taron wayar da kai kan cutar huhu a harabar asibitin. Babu wuta, janareto kuma ɗaya ne. Kwatsam na'ura ta yi tsit. Leɓɓan Kawu suka fara duhu, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar zugazugi.

Na bi wayar na'urar har bayan rumfar taro, na tarar an cire ta an jona lasifika.

"Yallaɓai," na ce wa mai kula da janareto, "kawuna na can yana kokawa da numfashi."

"Samari, umarni ne daga sama. Ai don irinsu ake taron."

Tela maƙwabcinmu, da ya zo dubiya, ya ja rigata. "Bari, ɗana. Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

"Baba, kafin dutsen ya nuna wa zai yi wa Kawu numfashi?"

Wannan haƙurin namu ne ya sa ake taka mu muna cewa sannu. Na fizge wayar lasifika, na mayar da tamu. Mai janareto ya dubi hagu da dama, ya juya baya.

Mai Girma bai ma sani ba. Baki na motsi, hannu na sarar iska, ba a jin ko kalma, mutanen da aka kwaso a motoci kuwa suna ta tafa masa.

Na koma ɗaki na iske na'ura na gurnani, numfashin Kawu ya daidaita. Ya buɗe ido.

"Me mutumin ya ce?"

"Yana kan faɗa, Kawu."

Da yamma rediyo ta ce jawabin zai ceci rayuka. Ban musa ba. Tunda nake, jawabin manya ɗaya na ga ya ceci rai, shi ne wannan da ba a ji ba.