Ƙwaya Uku a Tafin Yakuba

Jiya na je asibiti duba maƙwabcina Yakuba, mai kwalekwale, wanda hawan jini ya kwantar. Na tarar an yi shara har da yayyafa ruwa, nan take na gane ba don mu aka yi ba. Ashe Mai Girma Mai Jerin Motoci ne zai kawo gudummawar magani. Na yi murna, don maganin Yakuba ya ƙare tun shekaranjiya.

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin maza ya san Madam Bibata mai raba magani. Fuska ba fara'a, baki ba linzami. Ƙwaya ɗaya za ta ba ka, ta tsaya a kanka sai ka haɗiye, sannan ta ce ka buɗe baki ta gani, kai da furfurarka. Kullum Yakuba cewa yake rowa ce, da a kasuwar Malanville ne da an cika masa leda. Ni ma nakan taya shi gulmar.

Da Mai Girma ya iso, aka tura Bibata bayan ƙofa, wai rigarta ta koɗe, za ta ɓata hoto. Da hannunsa mai albarka ya ɓare ƙwaya ya miƙa wa Yakuba. Mai hoto ya ce haske bai yi ba, aka ɓare ta biyu. Mai Girma ya ƙifta ido, aka ɓare ta uku. Kowane karo Yakuba ya kai hannu baki, ya kurɓi ruwa, a tafa. Gabana ya faɗi, don na sha jin Bibata tana cewa biyu ma kan kayar da mutum.

Suna fita ta taho a guje, idonta ya yi ja. Yakuba ya buɗe tafin hannunsa, ga ƙwayoyin ukun nan cif.

"Madam, in ba ke kika tsaya kaina ba, ba ni haɗiyewa," in ji shi.

Ta harare shi, ta ba shi ɗaya, ta duba bakinsa, sannan ta tafi neman kwalin gudummawa. Aka ce an mayar da shi mota, wai a gari na gaba ma akwai marasa lafiya masu jiran hoto.

Ukun nan dai su ne rabonmu, ɗaya a rana, za su kai Yakuba gobe. Allah ya ja zamanin Mai Girma. Haushina ɗaya ne: da mai hoton nan ya fi haka rashin iya aiki, da maƙwabcina ya samu na wata guda.