Waifar Falalu da Idon Kaka Kadi

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Matso nan in gan ka da kyau. Kai! Ashe haka muninka ya kai, Falalu? Shekara da shekaru ina zaune da miji ban san abin da aka liƙa mani ba!"

Kaka Kadi ke nan a ƙofar asibiti a Maradi. Jiya aka cire mata yanar ido, yau da safe aka ɗauke audugar. Jikanta Falalu, direban taksi tsakanin Gazawa da Maradi, ya ajiye lodin yini guda don ya maida ta gida a motarsa ta kansa, wadda bai daɗe da saye ba. Murna ta cika masa ciki, amma ya murtuke fuska.

"Amarya, likita ya buɗe maki ido, ya manta bai ɗinke maki baki ba. Shiga gaba, yau ke ce uwar ɗakin motar."

"Wannan ce motar da ka ishi Gazawa da labarinta? Na zaci akurkin kaji ne aka sa ma ƙafafu."

"Akurki? Dubi gilashin gaba. Kin ga sandunan nan biyu masu share ruwa? Waifa ke nan, sabbi fil, yau na ɗaura su. Mai shagon ya ce daga birnin Kwatano suka zo. Ko teku aka juye mana sai sun share shi."

"Mai shago ya ga ɗan ƙauye."

Sun wuce Cadawa kaɗan, sun nufi garin Agye, hadari ya haɗo daga gabas, gonakin hatsi suka yi duhu, ruwa ya tsuge. Falalu ya kunna waifa, suka shiga kai da kawowa, gilashi ya yi tas. Ya dubi tsohuwa a kaikaice, ya gyara zaman hularsa, ya ƙara taka mota.

"Kin gani? Ko motar gwamna sai haka."

"Ina kake sauri? Wata ce ke jiranka bayan ni?"

"Budurwa mai haƙora, ba irinki ba."

Gudu na ƙaruwa, iska ta fara ɗaga sandunan daga jikin gilashi. Suna kaɗawa dai, amma ba su taɓa ruwan, sai karkarwa da ƙara. Kwalta ta dushe, itatuwa suka narke cikin ruwa. Falalu ya miƙa wuya, hancinsa ya kusa taɓa sitiyari. Sai dai rage gudu yanzu tamkar ba tsohuwa gaskiya ne.

Kaka ta ce, "Mi nake gani haka? 'Yan Kwatanon naka gaisuwa suke ma sama?"

"Hutawa suke. Kayan waje ne, suna da lokacin hutu."

"Wannan hazon na san shi, maigida. Cikinsa na zauna har kai ke ja mani sanda. Ni an wanke nawa, kai ka sayi naka da kuɗinka!"

"Ni ko ido rufe na san hanyar Agye."

"Ka santa, shanun Fulani ba su san ka santa ba. Rage gudu! Ga fari-fari can yana motsi bakin hanya."

Muryarta ta sake, babu wasa a ciki. Ta tagar gefenta take leƙe, ta ɗaga baƙin tabaron da likita ya ba ta. Falalu ya ɗauke ƙafa, ya taka birki a hankali. Gudu na raguwa sandunan suka koma suka kwanta, suka share gilashin sarai. Ga garke ya fara hawa kwalta, makiyayi da malafa yana ɗaga sanda. Motar ta tsaya, wani farin bijimi ya ratsa ta gabanta yana kaɗa wutsiya.

Falalu ya yi salati a ransa. Ya dubi kakarsa, wadda shekaranjiya ba ta bambance buta da ƙwarya, sai ya ji idonsa ya kawo ruwa. Ya yi maza ya goge da hannun riga.

"Ai na gan su tun daga nesa. Gwada aikin likita nake."

"Maƙaryaci jikan maƙaryaci! Da yanzu muna ba Bafillace haƙuri, in ma da sauran bakin ba shi."

Sannu a hankali suka shiga Agye, ruwa ya koma yayyafi. Ya tsaya gaban wani mai tebur, ya dawo da ɗan madubi mai jan baki, ya ajiye mata a cinya.

"Na sallama, amarya. Idonki ya fi waifata. Ungo, dubi tsufanki ki bar ni in sha iska."

Ta ɗaga madubin, ta daɗe tana kallo, tana shafa zanen kumatunta da yatsa. Can ta tuntsire da dariya.

"Falalu, ashe duk wannan kyau kake mora a banza? Tada mota. Muna isa Gazawa za ka ƙara sadaki."