Gidanmu Ya Zama Kududdufi a Kwamfuta

Ƙarfe sha ɗaya na safiyar Talata, rana ta buɗe, zafin bazara ko kaza ta nemi inuwa. Ina gyara wa Inna Hajo, mahaifiyata, danga a gidanmu da ke bakin fadamar Haɗeja, sai ga mota ta tsaya. Wani ranka-ya-daɗe daga ofishin filaye ya fito riƙe da kwamfutar hannu.

Ku da kuka yi boko kun fi ni sani, an ce yanzu filaye da gidaje duk an zuba su a na'ura, rigimar iyaka ta ƙare. Madalla da manyanmu masu hangen nesa! Sai dai ɗan jirginsu mai ɗaukar hoto a watan Agusta ya zo, lokacin da kogi ya kawo mana ziyara muka koma makarantar firamare da kwana.

Mutumin ya tsaya a tsakar gida, ƙura na tashi a ƙafarsa, ya duba na'ura ya ce, "Nan kududdufi ne. An ware shi don kiwon kifi, mai shi zai zo bayan salla."

Na ce, "Yallaɓai, ga ɗaki, ga turmi, ga Inna."

"Samari, na'ura ba ta ƙarya."

Inna ta leƙo ta ce, "Muttaka, tambaye shi, ni tarwaɗa ce ko karfasa?"

Maƙwabcinmu Haladu ya ɗago kai ta katanga. "Inna, ki gode Allah. Ni an rubuta ni maƙabarta, ga shi har yau ina shan koko."

Na roƙi ranka-ya-daɗe a hankali ya gyara. Ya ce shi ba ya gyara, sai an sake hoto. Yaushe? Sai kuɗin aiki sun fito, kuma bisa al'ada a Agusta suke fitowa. Kun ji tsari! Gidan da kakana ya gina zai sake zama ruwa da hujja.

Da za su tafi shi da direbansa, motar ta kafe a yashi, a kan layinmu da na'ura ta ce kwalta ce. Na ajiye igiyar danga na sa kafaɗa na tura har ta fita. Suka bule ni da ƙura suka wuce, ba ko ɗaga hannu.

Ban ji haushi ba. Yaushe aka fara yi wa kifi godiya?