Yadda Za Ka Noma Yakon a Bayan Gida Ba Tare da Ka Tambayi Kowa Ba

Kai da ka baro gona a gida ka zo New York, hannunka yana ƙaiƙayin ƙasa, matso kusa. Bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari kafin shekara ta zagayo duk unguwa za ta san ka yi noma. Hanyar gwadaddiya ce. Maƙwabcina Chuwang, direban motar asibiti da ke zaune a unguwar St. George, tsallaken ruwa daga Manhattan, ya bi ta daga farko har ƙarshe, ni kuwa ina leƙe ta kan shinge.

Mataki na ɗaya: Ƙwace fili

Bayan gidan Chuwang bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, kuma matarsa Filomina ta daɗe tana shuka yakuwa a wurin. Kada wannan ya dame ka. Tsaya yadda ya tsaya, hannu a ƙugu, ka ce ɗan manomin dankali daga Filato ba zai ƙare a kallon ganyen miya ba.

"To, Baban Bege," in ji Filomina, "na ba ka bana. In ka iya ajiye iri ya sake fita baɗi, fili naka ne. In bai fita ba, yakuwata ta dawo ɗakinta."

Yi dariya, ka amince. Haka ya yi.

Mataki na biyu: Karɓi iri, ka ƙi bayani

Yakon wani abin tono ne daga Kudancin Amurka. A ido kamar dankalin Hausa, amma ɗanye ake cinsa, ga ruwa ga zaƙi. Adwoa, wata nas 'yar Gana da suke aiki tare, ita ta kawo wa Chuwang tsiron a tukwane.

"Brother Chuwang, wannan abu fa ba kamar potato ba ne. Ranar harvest, akwai wani..."

"Sister Adwoa, tun kafin in iya tafiya nake cikin gonar dankali."

Ka ga gwaninta? Katse ta tun ba ta kai ga muhimmin wurin ba. Bayani na masu koyo ne, kai kuwa gado ka yi.

Mataki na uku: Yi ta tallan ganye

Yakon ba ya da rowar ganye. Ba shi ruwa da rana, zai yi tsawo har ya shafe kanka. Ɗauki hoto ta gabas, ɗauki ta yamma, ka aika gida. Chuwang har kiran bidiyo ya yi wa babansa, tsohon ya ƙura ido ya ce, "Ashe hannun bai mutu ba." Ranar Chuwang ko abinci bai iya ci ba don daɗi.

Mataki na huɗu: Tono

Jira sai sanyi ya ƙona ganyen, sannan ka ɗauko fartanya. Za ka tarar da abu biyu a ƙasa: manyan 'ya'ya sumul-sumul, da wani dunƙule ja mai ƙuraje a gindin kara, mummuna, kamar citta ta yi fushi. Kowane ɗan Filato ya san doka: a ware mafi kyawun 'ya'ya a ajiye iri. Ware su, ka naɗe a buhu. Dunƙulen kuwa, jefa shi cikin ledar shara tare da busasshen ganye, ka kaɗe hannu.

Mataki na biyar: Gayyaci 'yan coci, ka yi sakwara

Duk abin da aka tono daga ƙasa turmi ne makomarsa. Chuwang ya dafa, ya kirɓa, ya ƙara kirɓawa, abu ya ƙi haɗuwa sai ruwa yake fitarwa. Kada ka karaya. Fere sauran, ka raba wa baƙi ɗanye, ka ce dama haka ka tsara. Don ka nuna musu ba wani abu, kai ka ci kwano guda.

Abin lura: yakon da yawa yana tayar da iska a ciki. Washegari a jirgin ruwan zuwa Manhattan, kowa yana ciki yana shan ɗumi, Chuwang shi kaɗai ya tsaya a waje cikin sanyi, wai yana kallon teku.

Mataki na shida: Shuka, ka jira

Da ɗumi ya dawo, binne 'ya'yan nan da ka ajiye. Ba su ruwa safe da yamma. Jira. Ƙara jira. 'Ya'yan yakon ba su da ido, ba sa tsira, iri yana jikin mummunan dunƙulen nan, amma kai ba ka san haka ba, kuma ba za ka tambaya ba.

Ranar da Chuwang ya gaji ya tona, ruɓaɓɓen abu ya tarar. Ya kife bokiti ya zauna a kai. Gaskiya ya ba ni tausayi. A duk faɗin garin nan, ɗan filin nan ne kaɗai inda yake jin shi ɗan babansa ne, ga shi ya rasa shi da bakinsa.

Mataki na bakwai: Miƙa fili

Yana zaune sai ga Filomina ta fito daga ɗakin da ke ƙarƙashin gida da bokitin yashi. A ciki ga dunƙulen da ya jefar, ya fitar da tsiro kore shar.

"Ina kika samo wannan?"

"A shara. Na kira Adwoa na ce ta ƙarasa min maganar da ka katse. Iri nawa, fili nawa, ko akwai gardama?"

Babu gardama. Ta auna wa yakuwa wurinta, ta bar wa yakon gefen shinge, sannan ta miƙo masa fartanya.

"Ina neman ma'aikaci. An ce min akwai wani a gidan nan da tun kafin ya iya tafiya yake cikin gona."

Chuwang ya karɓa. Ya dubi dunƙulen, ya dubi ƙasa, ya daɗe yana juya fartanyar a hannu. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Maman Bege, zurfin ramin kamar yaya?"

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ruɓewar iri, kumburin ciki, murar da aka kwaso a jirgin ruwa, ko komawar maigida ɗan ƙwadago a bayan gidansa. Mai ƙorafi ya kai wa Filomina. Ita ce mai fili.