Rasuwar Koren Murhun Gidan Sikora

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da ban ga dalilin ɓoyewa ba, ni Metodej Sikora, tsohon manomi na ƙarshen layin coci, nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar koren murhun tangaran na gidanmu, wanda kakana ya gina a tsakiyar babban ɗaki. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Guduma ce, kuma ɗan cikina Lubosh ne ya riƙe ƙotarta.

Marigayin ya rayu cikin mutunci. A cikinsa ake gasa burodi, a gefensa akwai dakalin zama, a samansa shimfiɗata take. Ɗan itacen da aka ba shi da safe, shi zai riƙe har wata safiyar. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, in ban da ƙas-ƙas idan itace ya kama, da huuu idan iska ta leƙo ta mafitar hayaƙi. In dusar ƙanƙara ta rufe hanya, matan unguwa a gindinsa suke taruwa figar gashin dinya, suna cin naman wadda ba ta zo ba. Ɗumi wuri guda yake a gidan, don haka mutanen gidan ma wuri guda suke. Ko gaba kake da mutum, sanyi zai haɗa gwiwarka da tasa a dakali ɗaya, kafin miyar kabeji ta nuna kun shirya. Matata Anezhka a jikinsa ta jingina ta cika.

Ciwon ajalinsa daga birni ya taso. Wani attajiri mai masaƙa ya gina gida a kan tudu, fari fat kamar akwatin magani, ba doron rufi, bangon gabansa gilashi zalla. Shi yana da barorin da ke hura masa wuta a ƙarƙashin ƙasa, can ta matse masa. Amma abin ya bazu kamar ƙyanda. Likita ya sare kan gidansa, mai kanti ya sare nasa, har mai gyaran takalmi ya fasa bango ya liƙa gilashi. Lubosh ya kai dankali kasuwa, ya tsaya a bakin shingen attajirin ya saki baki, ya dawo gida ya baro hankalinsa a can. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Sai ga shi da wani injiniya mai tabarau, wanda ya shigo mini ɗaki da hula a ka. Ya ƙwanƙwasa marigayin da sanda ya ce, "Tsoho, wannan giwar ce ta cinye muku haske." Na ce, "Yaro, giwar nan ta raini mazan da ubanka ba ya iya kallon idonsu." Surukata Vlasta ta tsoma baki, "Haba Baba, sai ma ka ga yadda shara za ta yi sauƙi!" Shara. A kan shara aka kashe shi.

Duk garin nan an sani, ranar da na miƙa wa Lubosh gida da gona a gaban fadan coci da shaidu, ban nemi saniya ba, ban nemi kason alkama ba. Abu guda na gindaya, kamar yadda ubana ya gindaya mini: a kan murhu zan kwana har ƙarshen raina. Na tuna masa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ai ɗumi ka nema. Ga ɗumi nan a bututu, kowane ɗaki da nasa." To, kowane ɗaki da nasa ɗin. Yanzu kowa ya shige nasa ya ja ƙofa, yana zaune da wani haƙarƙarin ƙarfe na ruwan zafi mai ƙugi kamar cikin mai zawo. Ni an ajiye ni a ƙuryar baya, ba mai leƙowa sai mai kawo miya, shi ma a tsaye. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Marigayin ya bar kyanwa mai yawo ɗaki-ɗaki tana kuka, da sandar tona garwashi da aka jingine ba aiki, da jiƙaƙƙun safa da ba su da wurin bushewa. Ya bar jikokina biyu da ba na jin muryarsu sai ta bango. Ya bar ni.

Tsofaffin garin nan masu 'ya'yan da ke zuwa birni, in kun ga gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da an fito daga coci, a tsakar gida, daidai gaban sabon bangon gilashin da Lubosh ya liƙa wa gidan, wanda injiniya ya hana a sa wa labule. Tsoho Kubesh magini zai jera abin da ya rage na tangaran ɗin, fasasshe da mai lafiya. Ana roƙon shaidun da suka ji alkawari su zo su tsaya a gaba. Kada a kawo furanni, mai bargo ya kawo bargo. Injiniya kuwa kada ya zo, har yanzu hannuna yana iya ɗaga sanda.

Bayan an watse, zan yi shimfiɗata a kan marigayin, a nan waje, kamar yadda aka yi alkawari. Dinya sun riga sun wuce kudu, ƙanƙara tana hanya. Lubosh ya ce yana son ya zauna a ɗaki yana ganin waje. To ya zauna ya gani.