Rediyo Yana Nan Kusa da Gado

Jikar ta sami kakanta zaune a bakin gado, gwiwa ɗaure da bandeji. Babanta ne ya turo ta, ya ce in tsohon ba zai iya zama shi kaɗai ba, a kwashe shi ya koma wajensu.

Ta yi masa ya jiki, ya ce, "Da sauƙi, amarya. Haka ake duba miji, hannu rabbana?"

"Wane miji? Ni ban auri mai faɗowa daga gado ba. Garin yaya ma?"

"Lissafi na yi, irin naku na 'yan jami'a. Na ce gado yana kusa da kujera, kujera kusa da tebur, tebur kusa da taga. Rediyo yana kan taga, ke nan yana kusa da gado. Sai na miƙa hannu."

"Sai me?"

"Hannu ya tafi, ni ma na bi shi."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kaka, abin da ake koya mana ke nan a darasin kafa hujja. Don wannan yana kusa da wancan, wancan kuma kusa da na uku, ba dole na farko ya kusanci na uku ba. 'Yar tazarar taruwa take yi."

"To malama, ke kin tsira."

"Ina fa! Dillali ya ce mini ɗaki yana kusa da tasha, tasha kusa da makaranta, na kama. Yanzu kullum jiƙe da gumi nake isa ajin da ake koyar da abin."

"Ashe wautar ta gado ce."

"Taka dai ta kan gado ce."

Ya murmusa, sannan ya kalli bango. "Me za ki gaya wa ubanki? A ɗakin nan na zauna da kakarki. Ba na son barinsa."

Ta ja teburin har ya taɓa gadon, ta ɗora rediyo da magani da kofin ruwa.

"Miƙa hannu."

Ya taɓa kowanne bai ko karkata ba.

"Zan ce masa ba tsufa ya kayar da kai ba, lissafi ne, kuma na gyara."

"Na sallama, amarya," ya ce yana dariya. "Ɗauko kwalbar turaren nan, tukuicinki ne."

"Tana ina?"

"Nan kusa."

"Kusa irin naka? Bari in sa takalmi."