Rasuwar Dattijo, Injina na Juya Katako

Da zuciya mai nauyi da hannaye da suka rasa abin riƙewa, ni tsohon ma'aikacin gidan waya nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Dattijo, injina na juya katako, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakin bayan gida, bayan doguwar jinya da ni kaɗai ne ban yarda yana yi ba.

Shekara tara ke nan da haɗuwarmu, wata uku bayan na yi ritaya. Na je sayen sabon inji ne, ɗan ƙarami mai fenti ja, irin wanda mutum ɗaya ke ɗauka. A hanya na tsaya wajen wani tsohon kafinta da idonsa ya fara dishi-dishi, na tarar da marigayin a lulluɓe da buhu. Ƙarfe ne zalla, ba kyau ba fara'a. Da aka kunna shi sai ya yi gyaran murya, "gurr, gurr," sannan ya ɗauki wani amo mai sanyi, "mmmmm," kamar babban mutum yana sauraron ƙara. Nan na manta da jan fenti. Kafintan ya shafa bayansa ya gargaɗe ni cewa ba ya ƙin aiki, amma kada in ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma in riƙa ba shi giris. Na ce na ji.

Marigayin mai haƙuri ne. Akushi na farko da muka yi tare ya fito da gindi a karkace, in an zuba ruwa sai ya bi gefe ɗaya ya tafi abinsa. Bai yi mini dariya ba, uwargida ce ta yi. Tun daga ranar ta buɗe masa shari'ar da ba a taɓa rufewa ba: ƙurarsa ta shiga shanyarta, ƙararsa ta hana ta jin rediyo, ni kuma ina zuwa cin abinci da garin katako a gira. Duk da haka da ludayinsa take juya miya har yau.

Ciwon ya soma bara. Amon nan mai sanyi ya koma "kiii, kiii," sannan rawar jiki. Ƙanena makanike ya sa kunne ya ce boris ne, ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa, ya cinye, a canja shi tun kafin ya ja wa kwayil ɗin wutar injin ƙonewa. Na tafi kasuwa da niyyar boris. Na dawo da akwatin wuƙaƙen sassaƙa guda takwas masu ƙota mai sheƙi, alhali uku nake amfani da su tun da na fara. Bel ɗin da ya saki kuwa na ɗaure shi da robar taya, na gaya wa kowa ya ji sauƙi.

Ranar Talata maƙwabcina tela ya sare mangwaron gidansa, ya ba ni gungume ɗanye wanda sai da muka kama mu biyu. Na ɗora wa mara lafiya. Ya juya sau ɗaya don girmamawa, ya juya na biyu don zumunci. A na uku ya ce "tuf," hayaƙi ya fito, ɗakin ya yi tsit. Ƙanena ya zo ya buɗe cikinsa, ya tarar da garin katako na shekara tara a cushe, ba ɗigon giris. Na tambaye shi musabbabin rasuwa. Ya goge hannu ya ce, "Yaya, kai ne."

Marigayin ya bar akushi arba'in da biyu a gidajen dangi, wasu ma ana amfani da su. Ya bar ƙafafun tebur uku da ke jiran ta huɗu, da dutsen washi, da samfefar goge katako rabin dami, da gilashin kare ido wanda bai taɓa barin ƙusa ba, da marayun wuƙaƙe biyar da ba su san katako ba. Ya bar ni.

Kwana uku ina zaune a kujerar falo ina kallon bango. Na ɗauka uwargida za ta yi murna, ta ci shari'arta. Jiya ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana dubana. Ta ce haka na zauna wata uku bayan ritaya, ba magana ba ci, har ta fara ɓoye kukanta a kicin, kuma ba za ta sake ganin wannan zaman ba. "Ƙurar ina iya sharewa," in ji ta. "Wancan mutumin ne ban san yadda zan yi da shi ba."

Za a fitar da gawa ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, a motar mai sayen tsofaffin ƙarafa. Masu zuwa rakiya su zo da ƙarfinsu, don jinya ba ta rage masa nauyi ba. Ana roƙon jama'a su yi mini uzuri, ba zan samu raka shi ba. Uwargida ta shirya da ƙanena zai kai ni duba wani inji da ƙarfe tara da rabi, kuma shi zai zaɓa. Na ce mata ina cikin makoki. Ta ce in yi makokin a mota.